Sharhi a kan Yanke Sautin Ƙasa Wajen Gyaran Tsofaffin Bandi da Kaset na Ƙasar Adar

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi sharhi a kan wata shawara da ta zama ruwan dare tsakanin masu gyaran sauti, wadda ɗalibai da dama suka karɓa hannu bibbiyu ba tare da sun tuhume ta ba. Shawarar ita ce, duk mai son gyara tsohon bandi ko kaset ya fara da yanke dukan sautin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz, domin wai ba komai a wurin sai rugugi da ƙugin lantarki. Wannan shawara tana da gurbinta a ɗakin rediyo, inda abin da ake so shi ne muryar mai gabatarwa ta fita tas. To amma idan aka ɗora ta a kan abin da aka ɗauko a ƙauyukan Adar, irin su Karofane da ke yankin Buza, tana iya share wani sashe na shaidar da mai nazarin harshe da mai nazarin kiɗa suke nema. Ra'ayinmu shi ne, rarrabe hayaniya da shaida hukunci ne na manazarci, bai kamata a bar wa na'ura shi ba. Ko da kuma an ga dacewar tacewa, kwafin saurare ya kamata a tace, uwar kwafi a bar ta yadda ta fito daga bandi.

2. Kayan da ake magana a kansu

Ƙasar Adar ba baƙuwa ba ce ga manazarta. A 1975 jerin littattafan Études nigériennes ya fito da aikin Nicole Échard a kan tarihin manoman Adar, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. A 1991 kuma Bernard Caron ya buga nazarinsa na karin harshen Adar. Ayyukan nan uku sun dogara ƙwarai ga abin da aka ji daga bakin mutane, kuma a zamanin da aka yi su rikoda ta riga ta zama abokiyar tafiyar mai bincike: Nagra III ta fito a 1958, Uher Report a 1961, kamfanin Philips kuma ya fito da kaset a 1963. Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, sannan a 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara adabin baka wadda ta koma CELHTO a 1974. Ita da IRSH da gidan rediyo suna cikin wuraren da suka tara bandin tarihin baka da na waƙa daga sassan ƙasar. Ban da waɗannan akwai ma'ajiyar da ba ta da rajista, wato kaset ɗin da ke cikin akwatuna a gidajen Madawa da Buza da Keita, na wa'azi da kiɗan biki da saƙon murya da ƴan ci-rani suka riƙa aikowa gida daga Abijan ko Legas.

Maganar ta zama ta gaggawa. A 2019 hukumar UNESCO da IASA, ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, suka yi gargaɗi cewa an daina ƙera na'urorin karanta bandi, kuma wajen 2025 samun kayan gyaransu zai gagara. Wa'adin da suka ambata ya riga ya iso. Ga kuma zafi da ƙura suna cin bandin kansa. Saboda haka mafi yawan kayan nan sau ɗaya za a juye su cikin kwamfuta, kuma abin da aka fitar a ranar shi ne na baya za su gada.

3. Daga ina sautin ƙasa yake fitowa?

Sauti kaɗawar iska ne, kuma ana auna shi da yawan kaɗawa a sakan guda, wato Hz. Kunnen matashi yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000 Hz. Abin da muke kira sautin ƙasa a nan shi ne wanda ke ƙasa da 200 Hz. A bandin da aka ɗauko a ƙauye, tushensa iri huɗu ne.

Na farko iska. Adar ƙasa ce ta tuddai da kwaruruwa, kuma ƙarfin iskarta ne ya sa a 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, domin kare gonaki. Iskar da ke kwashe ƙasar gona ita ce ke bugun makirfo. Ruguginta ba shi da tsayayyen wuri, zuwa yake yi ya wuce, kuma idan ta yi ƙarfi takan cika rikoda har murya ta jirkice. Irin wannan jirkicewa babu matacin da ke mayar da ita.

Na biyu ƙugin lantarki. Wutar Nijar, kamar ta Nijeriya da Faransa, tana kaɗawa sau 50 a sakan. Idan ta shiga igiyar sauti takan bar ƙugi a 50 Hz, tare da ninkinsa a 100 da 150 da 200.

Na uku na'urar kanta: motsin injin rikoda, gogar hannu a jikin makirfo, jan igiya a kan tabarma.

Na huɗu muhalli: injin niƙa a bayan gida, babbar mota a kan hanya, turmi da taɓarya, ganga.

Abin lura a nan shi ne, ukun farko lahani ne da aikin ɗauka ya jawo, na huɗun kuwa makirfo ya kama shi ne domin yana wurin, kuma wani lokaci shi ne ma abin da aka je ɗauka. Shawarar yankewa ta zuba huɗun a kwando ɗaya. Wannan shi ne aibinta na farko.

4. Yadda mataci yake aiki

Abin da ake yankewar da shi, wanda Faransawa ke kira filtre passe-haut, za mu kira shi matacin ƙasa, domin yana barin sautin sama ya wuce, ya danne na ƙasa. Ba ya datsewa kamar wuƙa, gangara yake yi. Mu ɗauki wanda aka fi amfani da shi, mai rage desibel 12 duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi. Idan aka saita shi a 100 Hz, zai rage desibel 3 a 100, wajen 5 a 80, wajen 12 a 50. Ke nan ƙugin 50 Hz ya ragu amma bai ɓace ba, ninkinsa na 150 da 200 kuwa kusan ba a taɓa su ba. Mai gyara yana jin sauran ƙugi, sai ya ɗaga iyaka zuwa 150, ya ɗaga zuwa 200, har ƙugin ya yi shiru. Kafin ya kai nan ya riga ya shiga gonar murya.

Akwai wani mataci mai tsini, wanda ke cire siririn layi kawai a 50 da 100 da 150. Ya fi na farko dacewa da ƙugin lantarki. Duk da haka yana da iyaka: idan gudun bandi bai tsaya daidai ba, ƙugin yakan zame daga layin, kuma 100 da 150 Hz suna tsakiyar muryar namiji.

Wata matsala ita ce ta saurare. Ƙaramar lasifikar kwamfutar hannu da ta wayar salula ba sa fitar da sautin ƙasa yadda ya kamata. Wanda ya yi gyara da su ba ya jin abin da yake cirewa, saboda haka ba zai san ya yi ɓarna ba.

5. Hujjar masu yankewa

Adalci ne mu kawo hujjar masu wannan shawara, domin tana da ƙarfi. Muryar ɗan Adam tana da tushe, wato yawan kaɗawar tantanin maƙwallato, kuma tana da ninkin wannan tushe sau biyu, sau uku, sau huɗu, har sama. Idan aka cire tushen, kunne yakan gano shi daga tazarar da ke tsakanin ninkin. Shi ya sa tsohuwar wayar tarho, wadda ke ɗaukar 300 zuwa 3,400 Hz kawai, ba ta hana Bahaushe bambanta kūkā da kūkà ba, ko wuyà da wùyā. Bisa ga haka, sukan ce, yanke ƙasa da 100 Hz ba ya taɓa ma'ana, kuma yana sauƙaƙa wa mai juya magana zuwa rubutu, wanda zai yi sa'o'i da abin saurare a kunne.

Mun yarda da wannan gwargwadon abin da ya shafi fahimtar magana. Wanda ke son sanin abin da tsoho ya faɗa game da kafuwar gari zai fahimta ko an tace. Inda muka saɓa da su shi ne, bandin ba don fahimtar magana kaɗai aka adana shi ba.

6. Abin da ake asara

6.1 Karin sauti

Tushen muryar namiji yakan kasance tsakanin 85 da 180 Hz, na mace tsakanin 165 da 255. Hausa kuwa, ban da karin sama da na ƙasa da faɗau, tana da gangarar murya: karin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai na farko tsawo, haka jimla ke sauka har ƙarshenta. Mona Lindau ta auna wannan gangara a aikinta na 1986. Abin da wannan ke nufi shi ne, gaɓar ƙarshe mai karin ƙasa a bakin dattijo tana iya faɗawa daidai inda mataci ya fara ci. A wurin kuma murya ta yi rauni, ninkin da kunne zai dogara da su sun nutse cikin hucin bandi.

Mu ɗauka wani ɗalibi ya samu kaset ɗin hira da wani dattijo na Karofane, yana son kwatanta gangarar muryar Adarci da ta Kananci. Idan ya saka tataccen kwafi cikin manhajar Praat, wadda Boersma da Weenink suka rubuta a Amstadam, layin murya zai fito a yawancin jimla. Amma a ƙarshen jimla, inda tambayarsa take, manhajar na iya kama ninki na biyu a madadin tushe, ta nuna murya ta tashi alhali sauka ta yi, ko ta bar gurbi. Ɗalibin bai san an taɓa kaset ɗin ba, don haka zai jingina abin da ya gani ga karin harshe.

6.2 Baƙaƙe haɗiyau

Bambancin b da ɓ, da na d da ɗ, kamar a bari da ɓari ko daka da ɗaka, yana da alaƙa da abin da maƙwallato ke yi lokacin da baki yake rufe. A wannan ɗan lokaci sautin da ke fita shi ne zizar da ke ratso naman wuya da kumatu, kuma duk a ƙasa take. Lindau a 1984, da Lindsey da Hayward da Haruna a 1992, sun nazarci waɗannan baƙaƙe, kuma yanayin ziza lokacin rufewar baki yana cikin abubuwan da ake dubawa. Matacin da aka ɗaga zuwa 150 ko 200 Hz yana raunana wannan ziza. Kunnen Bahaushe zai ci gaba da bambanta kalmomin, amma mai son ya auna yadda mutanen Adar na shekarun 1970 ke furta ɓ ya rasa wani sashe na abin aunawa, kuma ba zai iya komawa ya sake tambayarsu ba.

6.3 Kiɗa

A nan ne hujjar da muka kawo a sashe na 5 take karyewa. Fatar ganga ba ta kaɗawa kamar murya ko tsirkiyar goge. Sautukan da ke saman tushenta ba ninkinsa ba ne cif: a lissafin fata mai da'ira, suna zuwa ne a wajen sau 1.59 da 2.14 da 2.30 na tushen. Saboda haka idan aka danne tushen, kunne ba shi da tsanin da zai bi ya gano shi. Tambarin fada da gangar noma, waɗanda amonsu ya dogara ga sautin ƙasa, sukan koma kamar ana bugun kwali. Kalangu ya fi su sama, amma bugunsa na ƙasa, lokacin da makaɗi ya saki tsarkiya, shi ne zai fara raunana, alhali hawa da saukar nan ne ke ɗauke da take.

Haka kuma waƙar daka. Ga mai bin shawarar yankewa, dukan taɓarya a turmi rugugi ne da ke damun muryar mata. Ga mai nazarin waƙa kuwa shi ne ma'aunin da baiti ke hawa a kai, kuma luguden mata biyu ko uku a turmi ɗaya shi ne tsarin kiɗan baki ɗaya. Haka ma ƙwaryar da aka kife ana bugawa da hannu. Wanda ya cire waɗannan don murya ta fito, garin neman gira ya rasa ido.

6.4 Ƙugin lantarki a matsayin shaida

Ko ƙugin da kowa ya yarda lahani ne yana da abin da yake faɗa. Rikoda mai batir takan rage gudu idan batir ya yi sanyi, kuma rikodar da aka ɗauka da ita ba lalle gudunta ya yi daidai da na wadda ake karantawa da ita ba. Idan akwai ƙugin lantarki a bandin, ya zama ma'auni: an san 50 Hz ne asalinsa, to idan ya fito a 52, bandin yana gudu da ƙarin kashi 4 cikin 100, kuma duk muryar da ke ciki ta tashi da wannan gwargwado. Da wannan lissafi ake mayar da gudu daidai. Wanda ya share ƙugin kafin ya auna ya jefar da ma'aunin.

Akwai ƙari. Idan an ɗauki hira da rikoda mai batir a ƙauyen da ba shi da lantarki a lokacin, amma ga ƙugin 50 Hz a jikin bandi, wannan alama ce cewa abin da ke hannunmu kwafi ne da aka juya a gari, ke nan akwai na asali da ya kamata a nema. A irin wannan hali ƙugin yana auna gudun ranar juyawa ne kawai. Idan kuma aka tsayar da bandi ƙugin bai tsaya ba, to daga igiyoyin ɗakin aikinmu yake fitowa, kuma maganinsa gyaran igiya da sake juyawa.

7. Manhajoji masu share hayaniya da kansu

Tun 1979 Steven Boll ya bayyana dabarar ɗaukar samfurin hayaniya daga wurin da ba a magana, a debe shi daga sauran sautin. A ƙarshen shekarun 1980 na'urorin CEDAR da NoNoise suka kawo irin wannan aiki ga masu sake buga tsofaffin faifai, kuma manhajar Audacity, wadda ta fito a 2000, ta kai shi hannun kowane ɗalibi kyauta. Dabarar tana aiki a kan hayaniyar da ba ta canzawa, kamar hucin bandi. Iskar Majiya ba ta cikin wannan aji, kuma idan aka matsa wa manhajar takan bar wani ƙyal-ƙyal kamar ana magana cikin ruwa.

Na baya-bayan nan, waɗanda aka horar da tarin muryoyi, sun fi ban mamaki, sun kuma fi haɗari ga ma'ajiya. An gina su ne don su fitar da magana su danne duk abin da ba magana ba, ganga da goge da guɗa duka. Wasunsu sake gina muryar suke yi bisa abin da suka koya, kuma galibin muryoyin da suka koya da su ba na Hausa ba ne. Abin da ya fito yana da daɗin ji, amma ba wanda zai iya rantsewa cewa kowane tsawon wasali da kowace hamza na mai maganar ne. Bai halatta a kafa hujjar furuci a kan irin wannan kwafi ba.

8. Shawarwari

Ba sabuwar ƙa'ida muke kawowa ba. Takardun IASA guda biyu, TC 03 wadda ta fara fitowa a 1997 da TC 04 ta 2004 wadda aka sabunta a 2009, sun tanadi cewa a juye sauti don adanawa ba tare da wani gyaran son rai ba, a ma'aunin da bai gaza 48 kHz da bit 24 ba, 96 kHz kuma ya fi. Abin da muke ƙarawa shi ne yadda za a bi wannan a sashenmu.

(a) Uwar kwafi ta fito yadda take, da iskarta da ƙuginta. Gyaran da ya halatta a wannan mataki na na'ura ne: share kan karatu, daidaita shi da bandin, zaɓen gudun da ya dace, ko santimita 19 ko 9.5 a sakan ga bandi, ko 4.76 ga kaset.

(b) Kafin a tace kwafin saurare, a dubi hoton sautin a ga inda hayaniyar take da inda murya ko ganga ta sauka. Idan iska ce a wurare ƙalilan, a tace wuraren kawai. Idan ƙugi ne, a auna shi tukuna, sannan a yi amfani da mataci mai tsini.

(c) A saurari abin da aka cire shi kaɗai, da abin saurare mai kyau. In an ji murya ko kiɗa a ciki, an wuce gona da iri.

(d) A rubuta duk abin da aka yi: sunan manhaja, iyakar mataci, gangararsa, rana. Ɗalibin da ya kafa hujja da sauti a kundinsa ya faɗi kwafin da ya yi aiki da shi, kamar yadda mai nazarin rubutun ajami ke faɗin kwafin da ya karanta.

(e) A sa mutumin wurin cikin hukunci. Makaɗi ko tsohuwa daga Karofane za su gane cikin ɗan lokaci ko abin da ake ji injin niƙa ne ko ganga daga nesa, abin da mai gyara a Yamai ko Faris zai yi ta kokwanto a kai.

(f) Ga masu fita ɗauka yanzu, rigakafi ya fi magani. A sa wa makirfo hular kare iska, a zauna cikin zaure ko bayan katanga, a kashe matacin ƙasa da ke jikin rikoda sai in iska ta tilasta, in an kunna kuma a rubuta.

9. Kammalawa

Mun nuna cewa sautin da ke ƙasa da 200 Hz a bandin Adar ya ƙunshi lahani da shaida a cakuɗe, kuma matacin ƙasa ba ya iya rarrabe su. Mun amince cewa tacewa ba ta hana fahimtar magana, tana ma taimaka wa mai juya hira zuwa rubutu da mai shirya shirin rediyo. Amma tana raunana shaidar karin sauti da ta ziza, tana ɓata amon ganga da turmi, tana kuma share ma'aunin da ake daidaita gudun bandi da shi. Tataccen kwafi ana iya sake yin sa ko yaushe daga uwar kwafi, kuma dabarun tacewa suna ƙara inganta, amma uwar kwafi ba ta samuwa daga tatacce. Don haka muna kira ga malamai masu duba kundin ɗalibai da su riƙa tambayar asalin sautin da aka kawo musu, ga sashe kuma da ya tanadi wurin ajiye uwayen kwafi guda biyu a gine-gine dabam-dabam kafin a ci gaba da karɓar kaset daga hannun jama'a.